Sannunku da Ɗumame, Mawaƙan Landan

Ranku ya daɗe, mawaƙan Landan, sannunku da aiki. Sannunku, ku da masu haɗa muku kiɗa da masu ɗaukar muku bidiyo. Shekara 40 cur kuna kan waƙa guda, ba gajiya ba ƙosawa. Da ta kwana biyu a rataye sai ku sauko da ita, ku karkaɗe mata ƙura, ku ɗora mata sabon bugu, ku sake miƙa wa duniya, duniya kuma ta tafa. Wanda ya yi abin yabo a yaba masa, shi ya sa yau na taho da nawa yabon. Shaiduna kuwa mazauna Ummu Rakuba ne, sansanin 'yan gudun hijira da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan, don ba na jin akwai wanda ya kai su sanin inda alherinku ya tsaya.

Ga wanda bai san sana'ar ba, sunanta rimiks. Mai haɗi yakan ɗauko waƙar da aka riga aka yi, ya warware ta a kwamfuta, murya gefe, ganga gefe, fiyano gefe. Ya zubar da abin da ya tsufa, ya shimfiɗa sabon bugu na inji mai dukan sau 120 zuwa 130 a minti, daidai yadda ƙafa za ta ɗauka a gidan rawa. Ya yanko gaɓa ɗaya ta murya ya yi ta nanatawa, ya ɗauke kiɗan har 'yan rawa su ƙagu, sannan ya sako musu shi gaba ɗaya. A Jamaika aka fara, inda irin su King Tubby suke zare murya daga faifai su bar ganga da amo, sai kuma gidajen rawan New York, inda Tom Moulton ya riƙa tsawaita waƙoƙi a kan babban faifai mai inci 12 a tsakiyar shekarun 1970. Waɗancan don rawa suka yi, ba su kuma ɓoye wa kowa ba. Ku ne kuka ɗaukaka sana'ar, kuka gano cewa ashe tausayi ma ana yi masa rimiks. Mu a gida ɗumame muka sani, tuwon jiya da ake mayarwa kan wuta da safe. To amma duk gwanintar uwargida, ɗumamenta ba ya wuce na kwana ɗaya. Ku kun ɗumama tukunya ɗaya har sau huɗu cikin shekara 40, kowane karo kuma an samu masu saye. Madalla da ku.

Mu bi alherin daki-daki, kada a tauye wa kowa haƙƙinsa. Ranar 23 ga Oktoba 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem a arewacin Habasha, da hotunan da Mohamed Amin ɗan ƙasar Kenya ya ɗauka: dubban bayin Allah a fili, yunwa ta tsotse su, ana cikawa a gaban kyamara. Bob Geldof ya gani, hankalinsa ya tashi, ya nemo Midge Ure suka rubuta waƙa. Ranar 25 ga Nuwamba taurari suka taru a situdiyon Sarm West, cikin yini ɗaya suka naɗe "Do They Know It's Christmas?" da sunan Band Aid. Ta sayar da faifai miliyan ɗaya a makon farko, ta yi mako biyar a saman jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ta tara kimanin fam miliyan 8 cikin shekara guda. Tun ba a je ko'ina ba Trevor Horn, mai situdiyon, ya tsawaita ta a kan faifai mai inci 12. Kun ga ke nan 'yar gado ce, da rimiks ɗinta aka haife ta.

A 1989 Stock da Aitken da Waterman, masu masana'antar kiɗan rawa na inji, suka sake ta da muryoyin su Kylie Minogue da Jason Donovan da Cliff Richard. Yunwa ba ta bar arewacin Habasha ba, amma dai yanzu ana iya taka mata rawa, wannan kuwa ba ƙaramin ci gaba ba ne. A 2004 wuta tana ci a Darfur, kuka sake sauko da ita, Dizzee Rascal ya zuba gambarar zamani a tsakiya don matasa su ji da su ake. A 2014 Ebola ta afka wa Gini da Laberiya da Saliyo, kuka ɗan taɓa baituka, kuka gayyato One Direction da Ed Sheeran. Kai, wannan hikima da yawa take! Waƙa ɗaya ta yi wa yunwa, ta yi wa yaƙi, ta yi wa annoba, ta yi wa gabas, ta yi wa yamma. Dama ai Afirka ƙauye ɗaya ce. Wa yake da lokacin rarrabe ƙasashe 54?

Gagarabadan kuwa shi ne na 25 ga Nuwamba 2024. Trevor Horn ya tattaro muryoyin 1984 da na 2004 da na 2014 ya narkar da su wuri ɗaya, Oliver Murray ya ɗinke musu bidiyo, har mamata suka yi amshi da masu rai: George Michael, Sinéad O'Connor, da Liam Payne wanda bai daɗe da rasuwa ba. Mawaƙan ba su ma sha wahalar komawa situdiyo ba. Ed Sheeran ya fito ya ce ba a nemi izininsa ba, da an nema da ya ƙi. Kada abin ya dame ku, ranku ya daɗe. Shi muryarsa kawai aka ɗauka, yana da baki, yana da lauya, yana da miliyoyin mabiya a intanet. Waɗanda aka ɗauki fuskokinsu suna gargarar mutuwa a Korem, wa ya taɓa neman nasu izinin?

Abin da zai fi faranta muku rai shi ne duniya ta ɗauki darasinku, ita ma ta iya maimaici. A shekarun 1980, lokacin da yaƙi da yunwa suka koro ɗaruruwan dubban mutanen Habasha zuwa gabashin Sudan da ƙafa, Ummu Rakuba tana cikin filayen da aka sauke su. Wajen shekarar 2000 aka rufe sansanin. Ranar 4 ga Nuwamba 2020 yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnatin Abiy Ahmed, wanda aka bai wa lambar Nobel ta zaman lafiya a 2019, da jam'iyyar TPLF mai mulkin yankin Tigray. Ranar 9 ga watan aka yi wa ɗaruruwan mutane kisan gilla a Mai Kadra. Mutanen Humera da kewaye suka tsallake kogin Tekeze zuwa Hamdayet, manoma da malaman makaranta da likitoci da ɗalibai, wasu daga su sai rigar jikinsu. Kafin watan ya ƙare sun haura 40,000. Aka sake buɗe Ummu Rakuba, kimanin kilomita 70 daga kan iyaka. Da ta cika da mutum kusan 20,000 aka buɗe Tunaydba a Janairun 2021. Cikin waɗanda aka sauke har da dattawan da suka taɓa zama a filin nan suna da ƙuruciya. Sabon yaƙi, sabon shugaba, sabbin tantuna masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ƙasar ita ce, mutanen su ne, kukan shi ne. Wane Trevor Horn ne zai haɗa wanda ya fi wannan?

Sai yabo na musamman a kan ladabi. Waƙarku ba ta kama sunan kowa ba. Ko sunan Habasha ba ta faɗa ba, balle na wanda yake mulkinta. Alhali kuwa fari kaɗai bai kashe ɗaruruwan dubban nan ba. Gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam tana yaƙi da 'yan tawayen Tigray da Eritriya, ta mayar da abinci makami: ta ƙona amfanin gona, ta jefa bama-bamai a kasuwanni, ta hana fataucin hatsi. A watan Satumba 1984, mutane suna faɗuwa a Korem, ita tana ƙasaitaccen bikin cika shekara 10 da juyin juya hali a Addis Ababa. Daga nan ta kwashi mutum kimanin 600,000 daga arewa zuwa kudu maso yamma, da yawa bisa tilas, dubbai suka mutu a hanya da kuma inda aka zube su. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta Faransa ta buɗe baki ta faɗa, aka kore ta daga ƙasar a Disamban 1985. Kun ga illar rashin ladabi. Ku kuwa kun san takanku: kuka bar jaki kuka daki taiki, kuka ɗora laifin a kan rana da sama, waɗanda ba su da jakada a Landan balle su kai ƙara. Faifan da ya kama sunan mai laifi ba ya shiga kowane gida da Kirsimeti. Wanda ya ce Allah ne ya kawo, a tausaya, shi kowa yake saye.

Ilimin ƙasa ma kun koyar da mu, mun gode. Asalin waƙar ya kwatanta Afirka a matsayin nahiyar da ba ruwan sama, ba kogi, ba tsiro. Sai dai a sanar da manoman Gadarif, don su har yau ba su samu labari ba. Jiharsu rumbun Sudan ce, da ruwan sama zalla take noma dawa da riɗi a manyan gonakin tarakta tun shekarun 1940, riɗinta kuma har ƙetare ake fita da shi. A sanar da kogin Atbara da na Rahad, da Tekeze wanda 'yan gudun hijirar suka tsallaka da ransu a hannu. A sanar da Masar cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan Nilu da take sha daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Uwa uba a sanar da mazauna Ummu Rakuba da Tunaydba, waɗanda guguwa da ruwan daminar 2021 suka yaga wa dubban tantuna, makewayai suka cika suka tumbatsa, baƙar lakar nan mai riƙe tayar mota ta shiga har makwanci, ciwon hanta mai sa shawara ya ɓarke a sansanin. Da sun saurari faifanku da sun san babu ruwan sama a Afirka, da sun kwana a bushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji mutanenmu, amma ai mutanenmu ba su taɓa hawa saman jadawalin Birtaniya ba.

Ita kuwa tambayar da kuka ɗora a goshin faifan, ko mutanen nan sun san Kirsimeti ta zo, lallai ta masu zurfin bincike ce. Ezana, sarkin Aksum, a cikin ƙasar Tigray ɗin nan, ya karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4. Sarakunan Ingilishi ba su fara karɓa ba sai bayan 597. Mutanen Tigray suna da coci-coci da aka sassaƙa cikin duwatsu tun ɗaruruwan shekaru, suna azumi kafin bikinsu, suna yin sa ranar 7 ga Janairu bisa nasu lissafin. Amma tun da ba sa yin sa ranar da kantunan Landan suke yi, dole a tambaya ko sun sani.

Mu Musulmi ma ya kamata mu gode da kuka rufa mana asiri, ba ku tuna mana bashin da ake bin mu ba. A shekara ta biyar da aiko Manzon Allah (SAW), lokacin da Makka ta yi wa sahabbai zafi, ƙasar Habasha aka umarce su su nufa, domin akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Usman bin Affan (RA) da Nana Ruƙayya (RA) suna cikin ayarin farko. Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) ya tsaya gaban sarki Najjashi ya yi bayani, Ƙuraishawa suka zo da kyaututtuka a mayar musu da mutanensu, sarki ya ƙi. 'Yan gudun hijirar farko na Musulunci a wurin kakannin mazauna Ummu Rakuba suka sami mafaka. Masallacin Najjashi da ke garin Negash ma bai tsira ba, an lalata wani sashensa a yaƙin 2020. Najjashi dai bai waye ba: ya ba baƙi masauki da kariya, bai tara makaɗa sun yi musu waƙar tausayi ba.

Mu dawo kan bidiyo, inda gwanintarku ta fi fitowa. Tsarin ba ya sauyawa, domin abin da ya yi kyau ba a taɓa shi. Ga taurari suna saukowa daga motoci, ga su sun rungumi juna, ga lasifikar kunne a ka, ido a lumshe, hannu a ƙirji. Kowanne an san sunansa, an san tarihinsa, an san gaɓar da ya rera. Ɗaya ɓangaren kuwa ido ne da haƙarƙari da ƙuda, ba suna, ba gari, ba magana. A taron Live Aid na 13 ga Yuli 1985 David Bowie ya gabatar da hotunan yaran Habasha da gidan talabijin na CBC na Kanada ya ɗauka, aka ɗora su a kan waƙar soyayya ta ƙungiyar The Cars, filin Wembley ya yi hawaye. Cikin yaran akwai wata yarinya 'yar Tigray da aka ɗauka ta kusa cikawa. Ta rayu, sunanta Birhan Woldu. A taron Live 8 na 2005 aka hau da ita dandamali a Landan, Madonna ta riƙe mata hannu, aka nuna wa duniya shaidar cewa faifai ya yi aiki. A taron nan na ceton Afirka, yawancin mawaƙan Afirka can Cornwall aka yi musu nasu dandamalin, nesa da manyan kyamarori, kada su dame ku kuna ceton su. Bidiyon 2014 kuwa da hoton ma'aikatan lafiya suna ɗauke wata mata da Ebola ta kayar aka buɗe shi, daga nan sai taurari suna isowa ana haska su. Mai haɗin rimiks na gari ya san wace murya ake zarewa, wace ake bari. Ku kun zare ta mai jin yunwa, kun bar masa fuska. Aiki ya yi tsaf.

Haƙurinku ma abin koyi ne. Daga Nuwamban 2020 zuwa yarjejeniyar Pretoria ta 2 ga Nuwamba 2022, an rufe Tigray ruf: ba waya, ba intanet, ba banki, ba lantarki a yawancin yankin, motocin abinci sai an ga dama. A watan Yuni 2021 ƙididdigar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta dogara da ita ta nuna mutum sama da 350,000 suna matakin ƙarshe na yunwa. Olusegun Obasanjo, wanda ya shiga tsakani a madadin Tarayyar Afirka, ya ce waɗanda suka mutu za su kai 600,000. Ƙasar da aka yi waƙar dominta ce, jikokin mutanen Korem ne. Duk da haka ba ku yi gaggawar sabon haɗi ba, kuma kun yi daidai: an hana 'yan jarida shiga, yunwar da ba ta da bidiyo kuwa da me za a yi mata faifai? Kuka jira har waƙar ta cika shekara 40, domin zagayowar ranar haihuwarta ta fi cancantar biki.

A lokacin bikin, Sudan ɗin da ta sauki baƙin ita ma tana ci da wuta tun 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojojin Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Hemedti. Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, mutanenta suka kwararo Gadarif suka cika makarantu. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. A watan Agusta 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam kusa da El Fasher, a Darfur ɗin nan da kuka yi wa waƙa a 2004. Mazauna Ummu Rakuba suka zama gaba kura baya sayaki: yaƙi ya biyo su inda suka fake, gida kuma ba komawa, domin yammacin Tigray, inda yawancinsu suka fito, bai koma hannun mutanensa ba ko bayan yarjejeniya. Wata uku bayan labarin Zamzam faifanku ya fito fes, an gyara sauti, an goge tsofaffin hotuna sun yi haske.

Kada ku kula da masu ƙorafi, 'yan hassada ne. Manu Dibango ya tara mawaƙan Afirka tun a lokacin yunwar farko suka yi nasu faifan mai suna Tam Tam Pour l'Éthiopie. A 2014 Tiken Jah Fakoly da Salif Keita da Oumou Sangaré da Amadou da Mariam da wasu suka yi Africa Stop Ebola cikin Faransanci da harsunan mutanen da cutar take kashewa, suna gaya musu su amince da likita, kada su taɓa gawa. Ina daɗin wannan? Waƙa ce mai magana da maras lafiya, alhali kuɗi yana wurin mai kallo. Fuse ODG, ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga haɗinku a 2014, ya ce irin hotunan nan suna zubar da mutuncin nahiya, suna korar masu zuba jari da masu ziyara. Gabashin Sudan kansa ya haifi A'isha al-Falatiya, 'yar asalin ƙasar Sakkwato da aka haifa a Kassala, mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, da Larabci da Hausa. Mutanen Tigray suna da garayarsu, kirar, suna da mawaƙansu na biki da na makoki. Amma da kun miƙa wa ɗayansu makirufo, ai sai ya ɓata muku tsari, ya kama faɗin wanda ya ƙone masa gona.

Albishirinku, kun yi almajirai a ƙasar Hausa, wasu ma sun fi malamansu. Je ka sansanin 'yan gudun hijira a Borno, ko inda mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a jihar Maraɗi tun 2019, ko makarantar firamaren da aka zube ƙauye guda a ciki, ranar da mai girma zai kawo tallafi. Buhun shinkafa da hotonsa a jiki, mai kyamara a gaba, jirgi maras matuƙi a sama, a jera zawarawa da marayu a rana su ɗaga leda su ce sun gode. Kafin magariba bidiyo ya hau TikTok da kiɗan fiyano mai zafi. Waƙar ta zaɓen da ya wuce ce, an cire sunan wancan an sa na wannan, an ƙara bugu. Ba mai tambayar wa ya tashi ƙauyen, wa ya sayar da bindigar, ina jami'an tsaro suke daren da aka zo. Tarbiyyarku ta kama, Allah ya ƙara basira.

Yabo ya ƙare a nan, sauran maganar kai tsaye zan faɗe ta, domin abin yana ci mini rai. Kuɗin da aka tara, fiye da fam miliyan 140 cikin shekara 40, sun sayi hatsi da magani da motoci, akwai kuma waɗanda suke raye yau saboda su. Talakan Birtaniya da ya cire daga aljihunsa ya sayi faifai da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya ga niyyarsa. Abin da nake tuhuma shi ne darasin da waƙar da bidiyonta suka dasa a kan duniya: cewa yunwar Afirka daga sama take faɗowa, ba ta da uba, maganinta kuma hawaye da sadaka duk bayan shekara goma. Wannan darasi shi ne mayafin da kowane mai kashe mutane da yunwa yake lulluɓa da shi, daga Mengistu zuwa masu tare motocin abinci a Tigray da Darfur. Muddin ana kiran kisa ƙaddara, mai kisan yana barci lafiya.

Gadarif ba baƙon wuri ba ne a gare mu. Hanyar alhazanmu ce ta ƙafa, da yawansu a can suka yada zango suka hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, gabas ya ja jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile. A watan Yuli 2022 rikicin jihar Blue Nile ya ci rayuka sama da 100, ya kori dubbai, Hausawa da yawa a cikinsu, har 'yan'uwanmu na Gadarif da Kassala da Khartum suka fito kan titi. Mun san hijira a tarihinmu, muna kuma cikinta yau. Wanda ya san zafin a nuna uwarsa tana layin abinci a wayar kowa bai kamata ya yi wa uwar wani haka ba. Addininmu ya hana a ɓata sadaka da gori, kuma babu gorin da ya kai a ɗora wa yunwar mutum kiɗa a watsa wa duniya.

Don haka ga abin da nake roƙon mawaƙanmu da masu haɗa kiɗanmu na Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi, tun da su ne nawa. Ku yi rimiks ɗinku na biki, ku sa amare rawa, wannan halas ɗinku ne. Amma in za ku taɓa wahalar mutane, ku je ku zauna da su tukuna, ku nemi izini kafin kyamara ta tashi, ku bar mutum ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya fito da shi, da bakinsa. A 2034 waƙar Landan za ta cika shekara 50, kuma za a so a sake haɗa ta. Duk wanda zai kira taron ya fara aika tambaya Gadarif. In har akwai mutum ɗaya da ya rage a Ummu Rakuba a ranar, to a kama sunan wanda ya hana shi komawa gida, a faɗa da ƙarfi a cikin waƙar, ko da faifan ba zai sayu ba.